Gwaggo Lamba Biyu a Gaban Ayari

Duk layin nan babu mai kiranta da sunanta na yanka. Gwaggo Lamba Biyu, haka yaro da babba ke cewa, ita kuma ta amsa hankalinta kwance, don ba ƙarya aka yi mata ba. Tunda ta fara tuƙi ba a taɓa ganin ta sa giyar motarta a lamba uku ba. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Saurin me nake yi? Gidan yana nan inda na bar shi."

Son mota da shi ta tashi. Mahaifinta direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya ita ke rigan kowa ɗaukar tsumma ta goge fitilu. Yayyenta maza ya koya wa tuƙi, ita ya ce ta je ta koyi ɗinki. Ta koya, ta kuma iya. Shekara da shekaru tana ɗinkin labule da rigunan kujeru a wani ɗan shago kusa da gidan mai, ta jawo kekenta har bakin taga don kada wata mota ta wuce ba ta gani ba.

Mijinta, wanda take kira Malam, ma'aikacin gidan waya ne. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota ruwan madara, mai manyan fitilu kamar idon wanda ya firgita. Ranar da ya fara gwada ta, maimakon ya yi gaba sai ya yi baya, ya kwashe igiyar shanyar maƙwabta da duk kayan da ke kanta. Ya fito, ya miƙa wa Gwaggo makulli, ya ce, "Ni da ƙafata mun saba." A lokacin ta riga ta aurar da 'ya'yanta, furfura ta fito. Ta karɓi makullin ba ta ko yi masa kara ba.

Daga nan suka raba aiki. Ita ce a kan sitiyari, da filo a bayanta don ƙafarta ta kai birki. Shi kuma a gefe, yana ba da rahoto.

"Direba, ga rami."

"Na gani, Malam."

"To, ga ƙaninsa a gaba."

Damanar da ta wuce kogi ya ɓalle, ya cinye unguwannin gangare. Waɗanda suka tsira da ransu aka tara su a wata makarantar firamare da ke kan tudu. Akwai ƙungiyar masu sha'awar motoci a garin, irin waɗanda ke haɗuwa ƙarshen mako su buɗe bonet su yi ta kallon inji kamar masu duba jariri. Su ne suka shirya ayari: kowa ya zo da motarsa, a zaga gari ana karɓar taimako, a ƙare a makarantar. Gwaggo a rediyo ta ji, tana cikin tsintar shinkafa. Ta ajiye faranti ta ce, "Malam, da mu za a yi."

Sakataren ƙungiyar surukinta ne, mijin 'yarta ta fari, likitan haƙori. Da labari ya iske shi sai ga shi da yamma, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi lafiyar kaji.

"Mama, na ji an ce kina da niyya. Sai dai tafiyar da nisa, ga rana."

"Motar tana da rufi."

"Haka ne, Mama. To amma yaran nan akwai gudu fa."

"Wa zai biyo su?"

Likita ya sunkuyar da kai. Mutumin da ke cire wa ƙatti haƙori ba ya ko ƙiftawa, ya kasa cire wa surukarsa wannan niyya. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya ce Allah ya kai mu.

Ranar ayari filin ajiye motoci ya cika. Ja, baƙa, shuɗiya, kowace mota na ƙyalli sai ka gyara hula a jikinta. Samari sai taka mai suke yi inji na gurnani. Sai ga Gwaggo ta shigo a hankali, kujerunta sanye da ragowar yadin labule mai furanni, Malam a gefe rungume da gorar ruwa. Shugaban ƙungiyar, wani mai sayar da tayil mai jar mota da usur a wuya, ya riga ya faɗa a rediyo cewa motar da ta fi tsufa ita za ta ja ayari. Ya faɗa ne yana tunanin ta wani amininsa. Aka duba, aka sake dubawa, babu wadda ta kama ƙafar ta Gwaggo. Likita ya ja shi gefe ya yi masa raɗa. Shugaba ya share zufa ya ce, "Magana ta riga ta fita, likita. Gari duk ya ji."

Ya busa usur, aka tashi.

Wato an tashi ne a baki. Wani mai keke ya wuce ayarin gaba ɗaya, ya je ya sayo abin da zai saya, ya dawo ya iske su ba su kai shatale-tale ba. Mai baro ya jera da jar motar shugaba suna hira. Na baya suka fara danna ƙaho. Gwaggo ta ji, ta yi murmushi ta ce, "Ka ji yara suna murna, Malam." Ita ma ta danna nata, mai ƙara kamar rago ya kwana da mura. Malam ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa jama'a.

Jama'a kuwa sun fito. Wata mata ta miƙo bargo, ta tuna da tukunya, ta koma cikin gida ta wanke ta, ta fito ta cim musu ba tare da ta yi gudu ba. Wanzami ya fito da wanda yake wa aski, rabin kai a aske, kowannensu ya jefa abin da ya samu a akwatin taimako. Masu shaguna suka yi ta loda sabulu da bokitai. Wani kafinta ya ɗaure katifa biyu a saman jar motar shugaba tun bai gama cewa "a'a, a'a, fenti" ba. Motar likita ta cika da tabarmi har ba ya ganin bayansa. Injin wasu ya ɗau zafi saboda rarrafe, aka ci gaba da zuba musu ruwa daga gorar Malam.

Sai bayan la'asar suka isa makarantar. Gwaggo ta kashe mota ta fito tana miƙa, da shirin tsokanar surukinta, amma da ta leƙa ajin farko sai ta fasa. An ture bencina gefe guda, jiƙaƙƙun kaya a rataye a tagogi, iyali nan iyali can, babu abin da ya raba su sai tsawon tabarma. Wata mai jego ta juya wa mutane baya, ta lulluɓa da zani tana shayarwa, fuskarta a jikin allo. A lungu kuma wata mata ce zaune da kan keken ɗinki a cinyarta, laka ta bushe a kansa, tana ƙanƙarewa da tsinke.

Gwaggo ta zauna kusa da ita ta yi mata jaje.

"Shi kaɗai na fito da shi, Gwaggo," matar ta ce. "Mutane na ta yi mini dariya, wai na bar tukunya na ɗauko ƙarfe."

"Ni ma shi zan ɗauka, 'yata. Malam, miƙo mini man nan da ke but ɗin mota."

A waje ana ta jawabi da ɗaukar hoto, su suna ciki suna ɗiga wa keke mai har ya yarda ya juya.

Washegari Gwaggo ta dawo ba ayari ba usur, da kujerar baya cike da yadin da ta tara tun tana shago. Malam ya riƙe ƙusa, likita ya buga, wai ya zo wucewa ne. Ita da matar nan suka yi ta ɗinki, suka ja igiya daga bango zuwa bango, kowane iyali ya samu labulensa. Babu guda biyu da suka yi kama. Wani dattijo da ya samu mai hoton agwagi ya ce shi dai an raina shi, amma ya ja abinsa ya kwanta. Haka ta yi ta zuwa har ruwa ya janye mutane suka fara komawa. Matar ma ta koma, da kekenta da ragowar yadin, yanzu ita ke wa rabin gangare labule.

Ƙungiya ta yi taro ta ɗauki Gwaggo cikakkiyar 'yar ƙungiya. Shugaba da kansa ya kawo mata hular hana-sallah mai tambari, ya kuma roƙi alfarma cikin ladabi, wai in za a sake wani ayarin ta taimaka ta riƙe musu baya, don baya ma na buƙatar babba. Ta ce za ta yi shawara da Malam. Har yau ba ta ba da amsa ba. Hular kuwa ba ta zauna a kan ɗankwali ba, Malam ne ke sa ta in zai je sayo burodi.