Ƙanƙara a Cikin Bawul

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta, a tsakiyar bazara, na'urar sanyaya motata ta fara wani hali. In na tashi daga Sabon Birni sai ta yi sanyi har fasinja su yaba, kafin mu kai garin Isa kuma ta koma hura zafi. Duk sa'ad da na kai ta wurin bakanike, da an tada inji sai sanyi ya dawo. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai jikinka ne?" Ya ƙara mata gas, na tafi.

Ƙanwata, wadda mijinta ya rasu, ta roƙe ni in ɗauko mata 'yan tsaki ɗari daga Sakkwato, za ta fara kiwo. Bayan na ɗora kwalayen 'yan tsakin a kujerar baya na biya wurin wani mai gyaran sanyi. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da bai kai kwalin ashana ba, ya ce bawul ne. Gas yana zuwa masa a matse kamar ruwa, ya bi ta wata 'yar ƙofa kamar kafar allura, ya baje, nan sanyi ke samuwa. Ya ce danshi ya shiga bututun gas ɗin, shi ke daskarewa ya toshe ƙofar.

Na ce, "Wato sanyi ne ya hana sanyi?"

Ya ce, "Baba, ka fi ni iya faɗa. Amma kayan gyara sai jibi. In ta ɗauke, kashe ta, buɗe gilashi, ƙanƙarar za ta narke."

Shi kuwa mai kajin da na ɗauko 'yan tsakin a wurinsa ya riga ya gargaɗe ni cewa iskar hanya na kashe su, kada in buɗe gilashi. Na ce za ni lallaɓa.

Da rana ta take, sanyi ya ɗauke. Na kashe, na buɗe, iska kamar daga bakin tanda. Na rufe. Na kunna, ya dawo kaɗan, ya tafi. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi ina taɓa bututun, yana ƙona hannu, wai a ciki akwai ƙanƙara. Kukan 'yan tsakin da ke bayana yana ta raguwa.

Har yau ban san maganar wa ya kamata in bi ba. A ƙofar gida ni da ƙanwata muka buɗe kwalayen. Talatin da takwas sun mutu a hanya, shida suka bi su kafin magariba.