Modupe Mai Ɓoye Na'ura

A Sabon Gari aka haifi Modupe, a wani gidan haya bayan kasuwa, inda mahaifinta Baba Adeola ke da shagon ɗinki. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a rufe. Ta kwance rediyo, ta kwance tocila, agogon bango ma bai tsira ba. Da ta shiga jami'a a Samaru ta zaɓi karatun kwamfuta, babu wanda ya yi mamaki.

Babbar damuwar gidansu ruwan famfo. Ba shi da ranar zuwa, in ya zo kuma ba ya sallama, sau da yawa har ya ɗauke ba a farga ba. Modupe ta haɗa wata 'yar na'ura ta ɗaure a jikin bututu, ta sa tana aika wa wayar Baba saƙo duk lokacin da ruwa ya iso. Ruwa ya zo ya tafi, waya na kwance cikin gwangwanin maɓallai.

"Baba, ba ku ga saƙo ba?"

"'Yata, idona na kan allura. In na tsaya duba waya, wa zai duba wuyan rigar mutane?"

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Ta wuni a shagon tana lura da inda idonsa ke sauka in ya ɗaga kai. Kullum wuri ɗaya ne, kan tsohuwar fitilar ƙwai da ke ajiye a taga. Sai ta zare lagwanin, ta sa ɗan ƙwan lantarki wanda bai fi ƙwayar wake ba, ta haɗa shi da na'urar bututun. Ranar da aka kawo ruwa, fitilar ta yi kore shiru abinta. Baba ya miƙe da tef ɗin awo a wuya yana ƙwala wa maƙwabta kira su fito da bokiti.

Daga nan aiki ya buɗe mata. Mama Nonye mai sayar da garin rogo tana yawan manta maganin hawan jini, sai Modupe ta sa rediyon Mama ya riƙa tuna mata da murya. Washegari tsohuwar ta dawo da shi rungume.

"Ki cire mini wannan mutumin! Ni da jikoki, akwati zai ba ni umarni?"

Modupe ta maye muryar da ɗan amshin waƙar coci da Mama ke so. Yanzu da ya tashi sai ta karɓa, tana rerawa tana neman kofin ruwa.

Yau Modupe na da ƙaramin shago a Samaru. Wanda ya leƙa zai ɗauka wurin gwanjo ne, don kowa da abin ɗakinsa yake zuwa a ɓoye masa na'ura a ciki: mai madubi, mai kujera, har da wata malamar makaranta da ta kawo tukunyar fure. Modupe ba ta taɓa kayan aiki sai ta ba baƙo wurin zama, ta ji yadda yake wuni a gidansa tukuna.