Ceɗiyar da Na Sa Kawu Ya Goge

Ina da shekara goma sha huɗu aka kai ni Parakou daga Djougou don in ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, aka sauke ni gidan kawuna a Zongo. Ni ba mai surutu ba ce, a aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, amma idona ba ya barin abu ya wuce shi. Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka shi ne shuɗin fenti a gefen farcen Kawu, duk da daga alwala ya fito. Kawu mai zane ne. Ya daɗe a Faransa, ya dawo da furfura da Hausar da Faransanci ke yawan tsoma mata baki. A unguwa Bature ake kiransa, can kuma, in ji shi, ba a taɓa daina tambayarsa daga ina ya zo ba. Ni kuwa Uwata yake ce mini, don sunan Kaka aka sa mini.

A ɗakin aikinsa akwai babban zanen da ya yi watanni a kansa: ƙofar gidanmu na Djougou, inda aka haife shi, aka haife ni. Kullum in na shiga shara sai in tsaya ina ƙirga kurakuransa a zuci. Ya yi ƙofar ta katako shuɗiya, alhali tamu ta ƙarfe ce ja. Ya kuma kafa wata ƙatuwar ceɗiya a hannun dama, inda na san kwata ce kawai da rumfar mai gyaran babur.

Wata Asabar wata mata ta zo daga Cotonou, mai shirya baje kolin zane, tana son ta tafi da wannan. Na kawo ruwa, Kawu ya ce mata ga 'yar Djougou ta gaske. Ta tambaye ni da Faransanci ko na gane gidan. Karon farko ke nan da babba ya tambaye ni abin da nake ganin na fi kowa sani, sai bakina ya buɗe. Na ce gidan ba haka yake ba, babu wata bishiya, ƙofar ma ba ita ba ce. Matar ta yi dariya ba da mugunta ba, ta ce haka 'yan zaman waje suke, suna zana garin da ya tashi ya bar su. Kawu ma ya dara, ya ce yau Uwata ta kama shi. Na fita ina jin daɗi.

Da na dawo daga lakwal ranar Litinin, ceɗiyar ta ɓace, ya shafe ta da fenti ruwan ƙasa, ƙofar ta koma ja. Zanen ya yi daidai da gidanmu, amma ba abin da zai sa ka tsaya ka kalla. Ya aika wa matar Cotonou kada ta dawo, ya juya zanen ya kalli bango. Cikin mako biyu farcensa ya yi fes. Na ji matarsa tana gaya wa maƙwabciya wai ya fara zancen komawa Faransa.

Da hutu na je Djougou na ba Kaka labari, ina zaton za ta yaba mini. Sai ta kama hannuna zuwa ƙofar gida, ta sa ƙafa ta share ƙasa a bakin kwatar, sai ga kututture baƙi. Ta ce a inuwar ceɗiyar nan kakannin mijinta suke sauke kayan goro, a nan kuma ta tsaya ranar da Kawu zai tafi har mota ta ɓace. An sare ta da aka faɗaɗa hanya, ina goye. Ta ce Kawu ya sani sarai, don ranar da ya dawo ya daɗe tsaye a wurin kafin ya shiga gida. Daga nan ta buɗe akwatinta ta nuna mini hotunan zanensa da yake aiko mata daga can. Kowanne da ceɗiyar a ciki.

A lokacin na gane cewa gidan da Kawu ya tafi da shi ne yake zanawa, kuma shi ne ya riƙe shi a ƙasar mutane. Ni gidan yau kaɗai na sani, na ɗauka shi ne duka. 'Yan uwana masu kaifin ido, idan naku ya dawo daga nesa da wata tsohuwar surar gida a hannunsa, ku tambaye shi kafin ku gyara masa.

Da na koma Parakou na kwana uku ina juya maganar. Ranar ta huɗu na shiga ɗakin, na juyo zanen da kaina, na durƙusa. Na ce masa na ga kututturen, amma ban taɓa ganin inuwar bishiyar ba, kuma ba wanda zai iya nuna mini sai shi. Na roƙe shi, don Allah, kafin ya yanke shawarar tafiya, ya mayar mini da ceɗiyar inda take.