Minti Goman Mujitaba

Mai faci ne. Rumfarsa na nan bakin tashar motar Doguwa, da injin hura iska da bahon ruwan da ya yi baƙi ƙirin. Amma ka tambayi Mujitaba sana'arsa, zai dube ka ido cikin ido ya ce shi wakilin wasanni ne. Na daina musu da shi tuni, don mutum ne da in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

Ni ce ke zaune gaban na'ura a Gangare FM, ƙaramar tasharmu ta Tudun Wada. Yawancin abin da muke watsawa ba namu ba ne. Muna jona babban gidan rediyon wasanni da ke Abuja, mu karɓo sharhin ƙwallo da hirarrakinsu mu miƙa wa jama'a. Abin da suka yaga mana a mako minti goma ne kacal, ranar Asabar bayan la'asar, don wasannin yankinmu. Sharaɗinsu ɗaya: tashar da ta bar filin ba kowa mako uku a jere, su karɓe abinsu su cika da labarin ƙwallon Turai.

Mujitaba ne ya riƙe mintocin nan. Da can gola ne. A wani wasan ƙarshe ya tare fanareti uku, a na ukun gwiwarsa ta goce, kuma har yau da ɗingishi yake tafiya. Ranar ya koma gida ya kunna rediyo, ya ji an yi rabin awa ana zancen ciwon ƙafar wani Bature, shi ko sunan garinsu ba a ambata ba. Abin ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Shi ya sa da aka buɗe tasharmu ya zo da kansa, ba wanda ya kira shi. Duk Juma'a sai ya rufe rumfa ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi ƙauyuka, Kiru, Bebeji, har gefen Bagauda, yana rubuto wa ya ci wa, wa ya zura, wane alƙalin wasa aka kora da gudu. Ranar Asabar ya zo ya karanta sunayen yaran mutane ɗaya bayan ɗaya, har da na ubanninsu.

Abin da mutanen Abuja ba su sani ba, filin ƙwallo a wurinmu gona ce. Da rani a buga, ruwa na sauka mai gona ya tuge sandunan raga ya shuka masararsa. 'Yan wasan ma duk suna bayan garma. A shekarun baya ba a sa ido, sai mu cike daminar da tsofaffin hirarraki. Bana aka naɗa wani Malam Mudassir ya riƙa sauraren tashoshin Arewa, ya aiko da takarda cewa maimaici ba shiri ba ne.

Asabar ta farko ta wuce ba komai. Ta biyu ma haka.

"Yaya Mujitaba, ka haƙura," na ce masa. "In kaka ta yi ma roƙe su su dawo mana da shi."

"Ƙanwata, kin taɓa ganin abin da ya shiga bakin kura ya dawo?" Ya shafa gwiwarsa. "Ki dai share na'urarki. Asabar ina tafe."

Na ji haushinsa, wallahi. Na ɗauka taurin kan banza ne.

Ashe ya ji labarin za a yi gayya a wani ƙauye can gefen Falgore. Gayya ta yi wuya yanzu, garmar shanu da maganin feshi sun kusa binne ta. Amma wani dattijo ya kwanta ciwo, gonarsa na jiran huɗa, mutanen gari suka ce a fito masa da ganga kamar da. Mujitaba ya ɗauki hanya ranar Alhamis bayan ruwan safe. Babur ya nutse a laka sau biyu. A karo na biyu ya jingine shi a wata ruga, ya ƙarasa da ƙafa, da gwiwar nan tasa.

Ranar Asabar saura minti huɗu a fara shirin ya shigo, wando duk jar ƙasa, ya miƙo mini waya.

"Mene ne a ciki?"

"Wasa."

"Wane irin wasa, Yaya?"

"Sa mana kawai."

Ban samu damar sauraro ba, na jona. Sai gangar noma ta cika ɗakin, ga guɗar mata, ga muryar Mujitaba a sama kamar mai sharhin wasan ƙarshe na duniya. Mutum goma sha biyu sun jeru, kowa da kunyarsa. Ya faɗi sunan kowa da na ubansa. "Ga Abdulbasit na Malam Sulaiman ya yanko gaba, garma na cin ƙasa, ba ya ko ɗagowa! Kai! Ga Baba Inuwa ta hagu, shekara sittin da ɗoriya, jama'a tsohon nan bai san girma ba!" Na tsinci kaina ina buga ƙafa a ƙarƙashin tebur. Da tafiya ta yi nisa sauran suka zube, ya rage saurayi da tsoho, kafaɗa da kafaɗa, makaɗi ya koma kan Baba Inuwa yana kiran kakanninsa.

Saura taki kaɗan su kai gyaffan gona agogo ya cika. Dokar ba ta da sassauci, daƙiƙa ɗaya ba a ƙarawa. Na runtse ido na yanke, muryar Abuja ta shigo da zancen cinikin wani ɗan wasa.

Wayar tasha ba ta taɓa ruri irin na ranar ba. Wata tsohuwa daga Kiru ta zage ni tas, ta ce in ba mugunta ba wa ke ɗauke tuwo ana tsakiyar ci. Na sha zagin, don gaskiyarta.

Ranar Litinin Malam Mudassir ya aiko cewa zai kira. Manajan tasharmu ya sa aka kirawo Mujitaba daga Doguwa, da kiran ya shigo ya sa wayar a amsa-kuwwa. Muryar mutumin a sanyaye, irin ta mai karanta takarda. Ya ce ya saurari shirin. Ya ce noma ba ya cikin jerin wasannin da gidansu ya amince da su.

"Ranka ya daɗe," in ji Mujitaba, "akwai layin tashi, akwai na ƙarewa, akwai 'yan kallo, akwai wanda ya ci. Me ya rage?"

"Ƙa'ida ce, Malam. Ba ni na rubuta ba."

Tausayin Mujitaba ya kama ni har na kawar da kai. Manaja ya miƙa hannu zai kashe wayar, sai muka ji Malam Mudassir ya yi gyaran murya.

"Af, wai ni kam... tsohon nan. Ya kai kuwa?"

Mujitaba ya gyara zama. Bai yi murmushi ba.

"Ranka ya daɗe, sakamakon wasa a filin wasanni ake faɗinsa. Nawa kuwa minti goma ne, ranar Asabar. In suna nan."

Muka ji dariya ta ƙwace wa mutumin. Ya ce mahaifinsa ma barden noma ne a garinsu, rabonsa da jin wannan ganga tun yana firamare. Ya ce zai rubuta noman gayya a jerin wasannin gargajiya, in an tambaye shi ya san abin da zai ce.

Baba Inuwa ne ya riga kaiwa, da taki biyu. Mun sa ƙarshen a Asabar ta gaba, kuma Mujitaba ya faɗi sunan tsohon sau uku, da na ubansa, da na garinsu.