Layin da Na Ja Zuwa Ɗakin Baba

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, muka mayar da shi ɗakin ƙuryar gida, don ya fi sanyi. Gidanmu na Daura tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, bangonsa kauri gare shi. Sabis ba ya shiga ciki. Akwatin intanet ɗina a zaure kaɗai yake kamawa, shi ma sai na rataye shi a taga.

Yayata tana aikin jinya a ƙasar waje, takardunta kuma ba su ba ta damar zuwa ba. Duk sanda ta kira sai ta ce, "Ni dai in ga fuskarsa." Baba kuwa ba ya ɗaukuwa zuwa zaure.

Na je wurin wani mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ya ce hanya biyu ce: ko na'urar da ke ƙara wa wayales ƙarfi, ko wasu ƙananan akwatuna biyu da ake sokawa a soket, su tura intanet ta cikin wayar wutar gida.

"Malam, bango nawa ne tsakani?"

"Huɗu, duk na ƙasa."

"To manta da iska. Bi ta waya."

Na soka ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin Baba. Kwana biyu muna jiran a kawo wuta. Da aka kawo, fitilar akwatin ta tsaya a ja. Mai gyaran wuta ya hau rufi ya sauko da wata waya a hannu, ɓera ya cinye ta, an ɗaure mahaɗinta da leda. Ya ce ɗakunan baya layinsu daban ne, sai an sake ja. Haka aka yi ta fasa bango a kan marar lafiya, Inna tana kare masa fuska da mayafinta.

Ran nan bayan la'asar fitilar ta koma kore. Na ɗora kwamfutar a kan matashi, na jingina Baba a ƙirjina. Hoton yayata ya fito tas, har zanen goshinta ana gani.

"Baba, ni ce. Baba, ya jiki?"

Ya daɗe yana kallon ta. Can ya juyo wurin Inna, da rabin bakin da ke motsi ya ce, "An yi baƙuwa. A ba ta ruwa."

Inna ta tashi ta fita. Yayata ta ce, "Na gode, Baba, na sha," ta kashe.

Ban zaci za ta sake kira ba. Washegari sai ta ce in daina ce masa ya yi mata magana, in dai kunna in ajiye. Wata biyu, duk sanda aka kawo wuta, tana can tana ninke kaya ko cin abinci, tana kallon sa yana barci.

Wata rana da hantsi Baba ya cika, tana wurin aiki, wayarta a kashe. Sai da muka dawo daga maƙabarta na same ta. Ba ta yi kuka a kunnena ba. Ta tambaye ni kusa da wa aka sa shi, da wanda ya yi masa wanka.