Ajiyata a Taura

Dutse

Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba, na nufi tasha. Kwamfutar ofishinmu ta ƙone ranar Alhamis, ta tafi da rumbun bayanan manoman da za a raba wa taki, ga damina ta kankama. Oga bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in Litinin ta yi ban dawo da su ba, in bar makullin ofis a kan tebur.

Mu masu aikin kwamfuta a lokacin ba mu cika benci biyu ba, kuma muna da al'ada: duk wata kowa ya kwafe aikinsa a faifan sidi ya ba ɗan'uwansa na wani gari ajiya. Nawa yana Taura, wajen abokina Sabo.

Kiyawa zuwa Gujungu

Lokacin sabuwar shari'a ne, a cikin mota mata a baya, maza a gaba, ni da wani bunsuru a tsakiya. A Jahun na karya da ƙosai. Daga Gujungu na hau acaɓa.

Taura

Sabo ya zaro faifan daga cikin kwanon samira na matarsa, nannaɗe da ɗankwali.

"Mu gwada shi mana," in ji ni.

"Mutumina, rabonmu da wuta tun Azumi."

"Da ka karɓa ka buɗe shi?"

"Kai da ka kwafa ka buɗe?"

Sai muka hau cin tuwon dawa.

Hanyar dawowa

Kafin Kiyawa 'yan sa-kai masu farautar finafinan banza suka tare mu. Babbansu, wani dattijo mai fara'a, ya ga faifan a aljihuna.

"Malam, wane fim ne?"

"Allah gafarta malam, sunayen manoma ne."

"Kowa da abin da yake cewa."

Aka kai ni shagon mai kallon bidiyo, aka tayar da janareto. Allon talabijin ya yi shuɗi ya tsaya. Dattijon ya miƙo mini faifan da hannu biyu.

"Ka kwantar da hankalinka, babu komai a ciki."

Na san bidiyo ba ya karanta irin wannan faifai, ni nake koya wa mutane haka. Amma wallahi har Dutse maganar dattijon nan ba ta bar raina ba.

Dutse kuma

Bayan la'asar na aro kwamfutar maƙwabtan ofishinmu, na saka faifan da bisimilla. Ta yi ta gurnani, can sai ga sunan farko: Abdu Maigyaɗa, buhu biyu. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma na yi masa addu'a har da iyayensa.

Na gode wa Allah, na gode wa Sabo da samirar matarsa. Ranar Litinin makullin ya kwana a aljihuna. Tun daga nan, ba na karɓar ajiyar kowa sai ya zauna mun buɗe ta tare.