Ma'alish a Bakin Nilu

Kwana biyu kacal muka yi a Alƙahira, ni da Baba, a hanyarmu ta zuwa Umara. Ni na tsara zangon, domin ciwon cikin da ya yi wata bakwai yana cin sa ya ƙi jin magani a gida, kuma na san garin. Shekara shida na yi ina karatu a can, ina kwana a ɗakin haya a Abbasiya. Larabcina ne ya sa 'yan uwa suka ce ni zan raka shi. Da na san abin da Larabcin zai jawo mini, da na rantse na manta shi.

Ranar da muka sauka, direban tasi ya taka burki har Baba ya bugi goshi, sai direban ya waiwayo ya ce, "Ma'alish." Baba ya tambaye ni ma'anarta, na ce masa, "Ba komai ke nan." Ban yi ƙarya ba, rabin ma'anar dai na ba shi. Mutanen Masar da ita suke ba da haƙuri idan sun taka maka ƙafa, da ita kuma suke jajanta maka abin da ba shi da gyara.

Asibitin yana Zamalek, tsibirin da ke tsakiyar kogin Nilu. Likita ya daɗe yana duban hotunan cikin Baba da aka ɗauka, sannan ya gaya mini da Larabci cewa ciwon ya bazu har hanta, aiki ba zai yi amfani ba, 'yan watanni suka rage. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Ma'alish, ya Hajj." Na ga fuskar Baba ta washe. Kalma ɗaya ya sani a duk garin, kuma ita aka gaya masa.

Da muka fito ya ce ba zai koma ɗaki ba, iska yake so. Muka sami benci a bakin ruwa. Baba manomin fadama ne, tsuntsu ba ya wucewa bai gaishe shi ba. Ni kuwa ina zaune da ambulan ɗin takardun asibiti a cinya, ina juya maganar a baki, ina neman Hausar da ba za ta kashe shi a wurin ba.

"Kai, dubi hankakansu," ya ce. "Ina farin ƙirjin? Wannan ai bai wanke rigarsa ba tun bara."

Gaskiya ne, hankakan Masar ruwan toka ne. Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Wasu korayen tsuntsaye masu dogon bindi suka wuce da ihu, ya ce tsirya ce, ɓarayin dawa, har nan suka biyo shi. Alhudahuda ya sauka kan ciyawa yana caccakar ƙasa, Baba ya sassauta murya ya ce kada in motsa. Sai belbelu suka taso a jere a saman ruwa, farare fat, ya bi su da ido har suka shige ƙarƙashin gada.

"Belbela babu shanu," ya ce. "Me suke ci a garin nan?" Can ya juyo, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu. "Likitan nan ma'alish ya ce, ko? Ba komai ke nan?"

Haushi ya kama ni, na likita, na direba, na tsuntsayen da suka sa shi murna haka. Tsoro ya fi haushin yawa. Na ce, "E, Baba. Ba komai. Magani kawai za ka riƙa sha."

Ya ce alhamdu lillahi, ya koma kan tsuntsayensa. Na ce a raina zan gaya masa a jirgi. A jirgi na ce sai mun sauke jakunkuna. Ban gaya masa ba.

A ɗawafi ni nake tura shi a keken marasa lafiya, bakinsa kusa da kunnena duk lokacin da na sunkuya. Na ji shi ya roƙi damina mai albarka, ya roƙa wa ƙannena mazaje nagari, ya roƙa mini ƙarin girma a wurin aiki, ya jero jikoki ɗaya bayan ɗaya. Zagaye bakwai ina kasa kunne, bai roƙa wa kansa lafiya ko sau ɗaya ba, domin ɗansa mai Larabci ya ce masa ba ya bukata. Ya rasu kafin ruwan farko.